Akwatin Isyaku da Ya Ƙi Lalacewa

Isyaku mai hayar keke ba ya sayen abu sai ya ɗaga shi. Shagona na ɗinki bango ɗaya yake da nasa a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma duk zamanmu ban taɓa ganin ya karɓi ko da kwaɗon ƙofa ba sai ya auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne. In abu ya yi nauyi, na gaske ne. In ya ji shi sakayau sai ya ajiye ya ce, "Wannan na masu gaggawa ne." Ni kaina ban tsira ba. Ranar da na sayi sabon almakashi sai da ya karɓa ya jinjina, ya ce an cuce ni.

Ba laifinsa ba ne, gado ya yi. Ɗan maƙera ne daga wani ƙauye can bayan Dawakin Kudu, a bakin zugazugi ya yi wayo. Kafin ya bar gida ya iya ƙera fartanya da lauje da ba za ka bambanta su da na mahaifinsa ba. Da tsohon ya rasu, yayyensa suka riƙe maƙerar, shi kuwa ya rataya jakarsa ya shigo Kano, lokacin tsakanin gida da gida a unguwarmu ana noma gero. Bai san kowa ba. Ya daɗe yana kwana a tasha, kuma ya sha gaya mini cewa yunwa ba ta dame shi ba kamar yadda zai wuni babu wanda ya kira sunansa. Ya fara da facin taya a gindin wata darbejiya a bakin titin Zariya, ya sayi keke ɗaya ya sa haya, ya ƙara wani, har ya kama shago ya jera su. Ya auri Rabi, mace mai tsabta da kaifin baki, suka zauna a bayan shagon.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka kekunan ne dukiyarsa. Ba su ba ne, bencin ƙofar shagon ne. Da an yi la'asar direbobi da leburori da masinjojin ofis za su cika shi, wasu a tsaye, ana musu ana tsokana, Isyaku na tsakiya da sifana a hannu yana raba gardama. In mutum ɗaya bai zo ba zai tambaya ko lafiya. In aka yi ruwan sama bencin ya zama fayau, ranar ko ni ba na samun fara'arsa. Mutum ne da ba ya iya zama babu mutane, kuma ya san haka game da kansa.

Sai kuɗin Udoji ya fito, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, kowane ma'aikaci ya sayi babur. Wanda jiya yake roƙon a ba shi keke ya je Kantin Kwari, yau shi ne ke wucewa yana danna mana oda. Haya ta ja baya, bencin ya fara raguwa. Isyaku bai yi ƙorafi ba, amma ina ganinsa yana goge kekunan da babu abin da ya same su, idonsa a kan titi.

A 1978, bayan an jawo wutar lantarki zuwa layinmu, Lawrence ya aiko mu je mu ga wani abu. Lawrence ɗan kasuwa ne mai sayar da rediyo da rakoda, haifaffen Sabon Gari, ya dawo bayan yaƙin basasa ya kama gida a Unguwar Gano. Yana jin Hausa kamar jakin Kano. Muka same shi a falo da akwatuna biyu da ya taho da su daga Legas, ya ce na wasa ne. Ana jona akwatin da talabijin, a cusa masa kaset, mutum biyu su riƙe hannaye masu 'yar sanda a tsakiya, abin da ka yi da sandar shi ke faruwa a gilashi. Ni na ga shirme. Isyaku kuwa ya ga mutum biyu suna wasa, goma na tsaye a kansu suna jiran layi, wato haya irin wadda ya sani.

Akwati ɗaya jikinsa katako ne da ƙarfe. Ɗayan baƙar roba ce. Isyaku ya ɗaga na farko, fuskarsa ta washe. Ya ɗaga na biyu da hannu ɗaya.

"Masta, wannan ai iska ce a ciki."

"Shi za ka ɗauka, Malam Isyaku," in ji Lawrence. "Ƙwaƙwalwarsa ta fi ƙarfi. Wancan mai nauyin tsohon yayi ne, abu kaɗan yake iya riƙewa a lokaci guda."

"Yanzu duk abu ɗaya na ga suna yi. Sanda biyu da ƙwallo."

"Yanzu ke nan. Ka tuna kowanne da irin kaset ɗinsa."

Ina wurin, da kunnena na ji ya faɗa. Amma Isyaku ya ji abin da yake so ne kawai. A saninsa kaset kaset ne: wanda ka saya a Sabon Gari zai yi waƙa a kowace rakoda, kamar yadda tayar keke ke shiga kowane keke. In ma abu ya ɗan ƙi shiga, ai don haka aka yi maƙeri. Ya ƙwanƙwasa katakon ya ce, "Direbobi za su taɓa abin nan, Masta. Hannun direba ba ya jin a hankali." Ya sayar da yawancin kekunansa, ya ɗauki mai nauyin da wata tsohuwar talabijin. Na robar kuma wani Ɗanladi mai sayar da lemon kwalba a Tarauni ya saya.

Gaskiya ɗaya ce, da farko Isyaku ne ya yi nasara. Akwatinsa ya zo da kaset da yawa, na Ɗanladi biyu kacal. Shagon ya cika ya batse, har ƙofata ake tsayawa, ina ɗinki ana tare mini haske. Manyan mutane masu iyali, ka gan su sun dage suna harbin juna da wasu 'yan murabba'ai da aka ce tankokin yaƙi ne. Rabi ta ce ƙarar abin, ƙit ƙit ƙit, har cikin barcinta take ji, amma ta fara soya ƙosai da yamma saboda taron. Isyaku ya ƙara benci na biyu. Ba ya ma yin wasan sosai, shi dai ya tsaya yana tsara layi yana kiran kowa da sunansa. A cikin wannan lokacin wani Bello mai shayi daga Daurawa ya zo neman shawara, yana so ya sa irin abin a rumfarsa. Isyaku ya kama hannunsa ya kai shi wurin Lawrence da kansa, ya ce kada ya kuskura ya kalli roba. Bello ya sayi mai nauyi.

Wajen ƙarshen shekara sababbin kaset suka fara zuwa, kuma ba daga masu ƙera akwatunan ba. Lawrence ya ce wasu ƙananan kamfanoni ne can ƙasashen waje, su ba sa ƙera akwati, wasan kawai suke tsarawa su zuba a kaset su sayar wa masu akwati. Na farko da ya iso na ƙwallon ƙafa ne, an yi shi iri biyu, ɗaya na akwatin Isyaku, ɗaya na akwatin Ɗanladi. Hoton bayan kwalin iri ɗaya ne, ɗan wasa ya tashi sama zai buga da ka.

Isyaku ya sa nasa. 'Yan wasa uku-uku ne, babu gola, kuma da sun haɗu wuri ɗaya sai su riƙa ɓacewa suna dawowa. Mutane suka yi murna duk da haka, don ba su ga wani ba. Ni na gani. Na kai wa wani ma'aikaci ɗinkinsa a Tarauni, na leƙa wurin Ɗanladi, na tarar fili cike da 'yan wasa masu ƙafafu, ga gola yana tsalle, in an ci har wata hayaniya akwatin ke yi kamar ta 'yan kallo. Na dawo na yi shiru da bakina. Amma Tarauni ba Makka ba ce, da ƙafa ake zuwa, kuma direba ba ya ganin abu ya yi shiru.

Na tseren mota ya zo, haka. Na Ɗanladi motoci na gilmawa, na Isyaku mota ɗaya ce tana kauce wa wasu duwatsu. Daga nan sai aka fara ganin kaset da babu na mai nauyi sam. Isyaku ya sa Lawrence ya tambaya a Legas, ya sake tambaya, ya ba wani alhaji saƙo ya duba masa a Jidda. Ranar da Lawrence ya zo da amsa ina zaune, kuma na ga ba ya son faɗa.

"Sun daina, Malam Isyaku."

"Akwatin aka daina?"

"Akwatin yana nan a kanti. Masu yin wasan ne suka daina yi masa. Mutum ya tsara wasansa yadda yake so, to kafin ya shiga naka sai ya yi ta yankewa, ya cire wannan ya cire wancan. Aiki biyu ke nan. Ya gama kuma a saya a zage shi, a ce ya yi abin banza. Su kuwa masu saye duk sun koma wancan, don can wasan ya fi kyau."

"To in sun yi mana mai kyau ai za a dawo."

"Ba zai ɗauka ba. Tambayi tela." Ya juyo gare ni. "Sani, yadin rigar yaro zai yi babbar riga?"

Na ce ba zai yi ba, kuma kada a sa ni a ciki.

"A gaya musu akwai mu," in ji Isyaku. "Ni da Bello. Akwatunanmu ko ƙwarzane ba su yi ba."

Lawrence bai yi dariya ba, na yaba masa da wannan. Ya ce zai karɓi mai nauyin ya haɗa shi da na roba a kan sauƙi. Isyaku ya ce abin da bai yi masa laifi ba ba zai kore shi daga gidansa ba. Na ce masa wannan ba amana ba ce, taurin kai ne, akwati ba ya jin an kore shi. Ya ce in koma kan keken ɗinkina. In ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba, na faɗa masa, na koma.

Benci na biyu ya koma cikin gida, Rabi na shanya a kai. Na farkon ma rabi yake cika, yawanci dattawan da ƙafarsu ba ta son tafiya Tarauni. Sauran in sun zo wucewa sai su ɗaga hannu daga nesa, suna sauri kamar masu bin jana'iza. Wannan ɗaga hannun ya fi komai ci masa rai.

Abin da ya yanke shawarar yi bai gaya wa kowa ba sai da ya gama. Ya aiki wani ya sayo masa kaset ɗin akwatin roba a Sabon Gari, sabon da ake ta magana a kai, na jiragen sama. Ya gwada, bakin kaset ɗin ya fi ramin akwatinsa faɗi. Sai ya ɗauko magagarin da ya taho da shi daga maƙerar gidansu. Ina jin sa ta bango, yana gurzawa yana hurawa yana gwadawa. Aiki ya yi mai kyau, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya rage gefe da gefe daidai, ya gyara haƙoran ciki, har kaset ɗin ya shige ya zauna ɗas kamar a nan aka haife shi. Don tsabar yarda da hannunsa bai ko kunna ya gani ba. Ya aika a gaya wa mutane su zo ranar Juma'a bayan la'asar, wasan jirage ya iso Gyaɗi-Gyaɗi.

Suka zo kuwa. An fito da benci na biyu, Rabi ta ɗora kasko. Isyaku ya sa farar riga wadda ni na ɗinka masa da sallah, yana ta kiran sunaye yana cewa kwana biyu. Ya yi bisimilla ya danna.

Gilashin ya yi fari, sannan wasu layuka suka riƙa gangarowa, da wata ƙara doguwa mara daɗi. Ya kashe, ya zare, ya hura, ya mayar. Layukan suka dawo. Ya ɗan bubbuga gefen akwatin yadda ake yi wa rediyo. Babu jirgi ko ɗaya.

Da ma an yi dariya da ya fi sauƙi. Ba a yi ba. Wani direba ya ce, "Wataƙila wuta ce ba ta da ƙarfi, Malam," kowa ya ce haka ne, wuta ce, alhali ga fankar shagona tana juyawa kamar za ta tashi. Isyaku ya zare kaset ɗin ya mayar da tsohon na tankoki, nan take 'yan murabba'an suka fito garau. Lafiyar akwatin ƙalau. Aka ɗan buga don kara, aka ci ƙosai, mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya kafin magariba. Na ji haushinsa a ranar, na kuma ji tausayinsa, har ban san wanne ya fi ba.

Bayan nan shagon ya zama na mutum ɗaya. Kullum zai share, ya fito da benci, ya kunna akwatin. Wasan kuwa na mutum biyu ne. Ni da na tsani abin nan, sau da yawa nakan ajiye ɗinkin mutane in je in riƙe masa hannu ɗaya, yana cinye ni ba ya ko jin daɗi. Rabi ta daina ƙosai. Ta ce da shi, "Malam, ko dai ka koma facinka? Taya dai ba ta daina fashewa ba." Ya ce zai duba.

Ɗanladi ne ya zo da kansa, ana cikin hidimar zaɓen da sojoji suka miƙa mulki. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana sunkuyar da kai, da wani abu a ƙunshe a jarida. Hannun akwatinsa ne, sandar ta karye daga gindi. Ya ce na uku ke nan, Lawrence kuma ya ce sai kaya sun zo.

"Baba Isyaku, an ce ko za ka iya yin wani abu."

Isyaku ya juya shi a hannu, ya kalle ni. "Sani, me na ce?"

"Ka ce roba."

"Na ce hannun direba."

Ranar ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya haɗa 'yar maƙera a bayan shago, ya yanko ƙarfen tsohon keke, ya ƙera sanda da mazauninta, ya sa robar feda a kai don kada ta ci hannu. Ɗanladi ya kai Tarauni, direbobi suka yi iya yinsu suka kasa karya ta. Labari ya bazu. Ashe akwatin roba ya yaɗu a gari, akwai a Fagge, akwai a Sabon Gari, akwai a gidajen manyan ma'aikata, kuma duk ciwonsu ɗaya. Isyaku ya yanka ma'auni na ƙarfe yadda zai riƙa fitar da sandunan iri ɗaya ba sai ya yi ta gwaji ba. Lawrence ya fara karɓa yana sayarwa tare da sababbin akwatuna.

Bencin ya sake cika. Ba mutanen da ba ne duka, kuma ba wasa suke zuwa yi ba, jiran gyara suke, amma ana musu ana tsokana, ana kiran sunansa daga bakin titi. Shi dai abin da yake nema ke nan. Akwatinsa yana ciki a kan tebur, Rabi ta rufe shi da ƙyalle saboda ƙura, wani lokaci ya kunna wa mai jira.

Wata ranar Laraba da hantsi Bello mai shayi ya zo daga Daurawa. Ya rame. Shi bai daina ba, don ba shi da yadda zai yi, yana nan da tsofaffin kaset ɗinsa da 'yan tsirarun da ke buga tankoki kafin shayi ya tafasa. Tukunyar ruwan zafi ce ta kife a kan hannayen akwatin, duka biyun suka mutu. Ya je wurin Lawrence, Lawrence ya ce ko a Legas babu.

Isyaku ya buɗe ɗaya ya duba. Cikinsa daban yake da na roba, komai nasa daban. A gabansa kuma ga aikin mutum wajen goma, masu shi na zaune suna kallo.

"Bello, wannan sai na yanka sabon ma'auni," ya ce. "Sai na ajiye duk waɗannan. Kuma in na yi, wa zai sake kawo irinsa? Ku nawa ne a garin nan?"

Bello ya ce, "Mu biyu ne, Malam. Ni da kai."

Ya naɗe kayansa a tsumma, ya yi sallama ya tafi. Isyaku ya ɗauki guduma ya ajiye. Ya ce da masu jira su yi haƙuri, ya shiga ciki. Ta ƙofa ina hangensa, ya yaye ƙyallen, ya zare hannayen akwatinsa guda biyu, ya naɗe wayoyinsu a hankali. Ya tattara kaset ɗinsa duka ya zuba a jaka tare da su. Ya fito ya jawo keke ɗaya cikin biyun da suka rage masa, ya ɗaure jakar a kariya.

Na ce, "In ka ba shi, naka fa? Da me za a buga?"

"Wa zai buga?" in ji shi.

Ya hau ya bi bayan Bello. Da ya dawo ya zauna ya ci gaba da fitar da sandunan akwatin roba har la'asar.